Ranar da Jitar Kawu Ɗanjuma Ta Yi Noma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, ya san jakinsa ba shi yake ɗauka ba, jitarsa yake ɗauka. In za shi kasuwar Ɗanbatta sai ya naɗe ta a bargo ya ɗaure a bayan jaki, shi kuma ya biyo su a ƙasa yana haki, tsofai-tsofai da shi. In aka ce ya hau mana, sai ya ce ai ita baƙuwa ce, daga Ikko ya taho da ita zamanin da yake dako a bakin teku, kuma kunya ba za ta bar shi ya haye sama baƙuwarsa tana shan ƙura ba.

Karatu a kan jita kuwa, ba sai ka tambaya ba. Wai jita jikar garaya ce, an tafi da kakarta ƙasar Turawa, jikar ta dawo da ƙugu da tsirkiya shida tana yi mana yanga. Ya ce iri uku ce: mai akwati irin tasa, da bas mai muryar bijimi, da mai lantarki. Wannan ta ƙarshe ya raina ta ƙwarai, don a cewarsa abin da sai an ba shi wuta zai yi magana, a ƙauyenmu bebe ne.

Da shekarun fari suka zo, tsirkiya ta gagari Kawu, sai ya koma wa wayar birkin keke, yana warware ta sili-sili. Abin kaɗawa ma daga fasasshen bokitin roba yake yankowa. Shi ne ya zaunar da mai unguwarmu ya yi ta yi masa bayani cewa birki biyu a keke ɗaya almubazzaranci ne, har bawan Allah ya ciro na gaba ya ba shi. Kwana biyu mai unguwa ya gangaro daga tudun makabarta ya shige shingen ƙaya. Kawu ya je dubiya, ya yi sannu ya ƙara sannu, da zai tashi ya tambaya ko na bayan ma yanzu yana da sauran amfani!

Ni dai a lokacin dariyar ba ta zuwa mini. Damina biyu ba mu girbi abin kirki ba, rumbuna wayam. A ta uku ruwa ya sauka, gero ya fito gwanin sha'awa, sai kurkunu ya kwantar da ni, ƙafa biyu duk sun kumbura. Ciyawa ta taso ta fi geron tsawo. In mako ya wuce ba a yi noman firi ba, gonar ta tafi, ga iyali bakwai a wuyana. Gayya ce mafita, to amma gayya sai da fura da makaɗi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya, don mai gangar nomanmu ya tafi ci-rani bai dawo ba.

A makon ne wani ɗan kasuwa daga Kano ya taya jitar buhun dawa guda. Na aika aka kira mini Kawu, na roƙe shi ya sayar a dama wa 'yan gayya fura. Ya ƙi ƙememe. Wallahi raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce katako ya fi masa jininsa. Bai yi fushi ba. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Habu, buhu cinye shi za a yi a manta. Kai dai ka sa a kai ka gona jibi da hantsi."

Ashe da la'asar ya tafi dandali inda samari ke taruwa, 'yan mata masu talla suna gefe. Ya ɗauko taken Sale Dogo, sarkin noman samari, ya wasa shi tun daga kakansa, sai da kan Sale ya fara kumbura ya daƙile tsirkiya da tafin hannu. Sale ya ce a ƙarasa mana. Kawu ya ce sauran yana gonar Habu. Haka ya bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya ba shi rabin kirarinsa ya riƙe rabi, kamar mai raba goro ranar rowa.

Ranar da ya ce, aka ɗora ni a jaki aka ajiye ni gindin ɗorawa, ban sa ran ganin ko mutum biyar ba. Jama'a, sai ga fartanya ta fi talatin! Kawu ya shiga gabansu yana tafiya da baya yadda makaɗan noma suke yi, jita rataye da igiyar rama, yana zuga wannan yana tsokanar wancan. Wanda ya miƙe don hutawa, nan take ya shiga waƙa da sunan uwarsa. Tsirkiya ta tsinke, ya ci gaba da biyar. Wata ta bi ta, ya ci gaba da huɗu, yana dukan akwatin da yatsu kamar ganga. A ƙarshen gona ya ja da baya ya rufta cikin kwazazzabo, ba ka ganin komai sai hannu biyu sun ɗaga jita sama. Daga can ƙasa ya yi kira, "Ku ci gaba da noma, ba abin da ya same ta!"

Kafin azahar an gama tas, kan kunun kanwa tsararo da matata ta iya haɗawa. Ina zaune ina kallon gerona ya miƙe a fili, hawaye suna zubo mini. Na nemi gafararsa, ya ce in bar wannan, in dai na samu keke wata rana in tuna da shi.

A kakar nan dami arba'in na ɗaure. 'Ya'yana ba su kwana da yunwa ba, ban sayar da gonar gado ba, ita ce jikokina suke nomawa yau. Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya cire mana ciyawa ranar da ba mu da ƙafar tsayuwa, Allah Ya share masa hanya zuwa Aljanna. Amin.