Tutar Jirgin Baba

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta makon da aka kira Baba a waya daga Legas ba. Lokacin yana zaune a wurina a unguwar Ƙuba da ke Madina, inda mijina ke aiki a shagon dabino. Da kyar muka samo masa bizar ziyara, ga ciwon zuciya yana fama da shi. Shi da bakinsa ya ce ya zo ne ya jira ajalinsa a Madina, a binne shi a maƙabartar Baƙi'a.

Baba tsohon sojan ruwa ne. Ƙuruciyarsa kaf a kan wani ƙaramin jirgin yaƙi ya ƙarar da ita, shi ke kan igwa, suna sintiri a bakin teku. Da jirgin ya tsufa aka cire masa manyan bindigogi aka mai da shi na koyar da kurata, Baba ya zama malaminsu. Har tsokanarsa muke yi cewa jirgin ne ɗan farinsa, mu 'yan riƙo ne.

Wanda ya kira tsohon ɗalibinsa ne. Ya ce za a yi wa jirgin ritaya a yayyanka shi, kuma a al'adarsu wanda ya fi daɗewa a kansa ne ke sauke tutar ƙarshe. Baba kaɗai ya rage cikin 'yan farko.

Daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya hau bene ya sauko, ya tafi masallaci ya dawo shayinsa bai huce ba, ya ɗauki carbi ya ajiye. Ni ma barci ya ƙaurace mini, don na san in ya fita bizar ta mutu, kuma jikinsa ba zai jira wata ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na turo masa mijina da wa'azi. Haushi nake ji sosai: mutane na sayar da gona su zo nan, shi zai bar Madina saboda tsohon ƙarfe.

"Baba, Baƙi'a fa?" na ce masa.

Ya ce, "Uwata, ƙasar da za ta ci ni Allah ya riga ya zaɓa. Akwai abokaina da na wanke jininsu a kan jirgin nan. Ba zan bari baƙo ya sauke musu tuta ba. Khalas."

Ni na haɗa masa jaka ina hawaye. Ya je, ya sauke tutar, ya naɗe ta da hannunsa. Bai daɗe ba ciwon ya kwantar da shi a Legas. Waɗanda ya koyar ne suka ɗauki makararsa, har suna rige-rigen kamawa.

Na daɗe ina jin zafin rashin kabarinsa kusa da ni. Amma na koyi cewa son da kake wa mutum bai ba ka ikon zaɓa masa amanar da zai sauke kafin ya tafi ba.