Mutum Nawa Ne a Gidan Nan?

A shekarar annoba aka rage mana kwanakin aiki a otal ɗin da nake gyaran ɗakuna. Wata 'yar cocinmu ta ba ni shawarar in nemi aikin ƙidaya na wucin gadi, na nema kuma aka ɗauke ni. Aikina shi ne bin gidajen da ba su amsa takardar ƙidaya ba, in ƙwanƙwasa, in yi tambaya, in shigar a waya.

Aka tura ni gidajen hayan da ke bayan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa. Ga zafi, ga takunkumi a fuska. Wasu su leƙo ta labule su koma, wasu kuwa kare ne ke amsa mini.

Wata rana ina hawa bene, tun daga matakala na ji ƙamshin daddawa. Wata dattijuwa ta ɗan buɗe ƙofa, carbi a hannu. Tana ganin jakata ta girgiza kai, za ta rufe.

Na ce, "Ina wuni, Hajiya?"

Ta saki ƙofar. "Ikon Allah! 'Yar ina ce ke?"

"Kafanchan, Hajiya."

Saboda cutar ba a yarda mu shiga ɗakin kowa ba, sai ta fito da kujeru biyu baranda. Mutuniyar Damagaram ce, ɗanta ya kawo ta rainon jikoki. Shi da matarsa suna wurin aiki, jikokin kuwa ko ta yi musu Hausa da Turanci suke amsawa.

"Hajiya, mutum nawa ne a gidan nan?"

Ta fara lanƙwasa yatsu: ɗanta, surukarta, yara biyu. Ta wuce kan babbar 'yarta da ke Damagaram, da ƙaninta na Maraɗi da iyalinsa.

"Waɗanda ke kwana a nan kawai, Hajiya."

"Ai ke kika ce gida."

Muka yi dariya. Na ce mata ban ji ta sa kanta ba.

"Ni baƙuwa ce. An riga an ƙirga ni a kartiyenmu, mai unguwa da kansa ya rako masu ƙidayar."

Na tambaye ta tun yaushe take nan, ta ce azumi uku ta yi. Na ce to ita ma a nan za a sa ta. Ta kalli motocin da ke ƙasa, ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "Rubuta, 'yata."

Ranar na daɗe a barandar. Na ba ta labarin ƙidayar da aka yi ina ƙarama. Ba kasuwa, ba makaranta, kowa na gida. Babanmu ya sa kayan da yake zuwa sujada da su, ya jera mu a tsakar gida daga babba zuwa ƙarami. Aka shafa mana tawada a babban yatsa, aka yi lamba da alli a bango, mahaifiyarmu kuma ta hana malaman ƙidayar tafiya sai da suka sha kunu. Hajiya ta ce su ma haka, sai dai fura suka bayar. Da zan tafi ta ɗuro mini dambun zogale a roba.

Aikin ya ƙare, zumuncin ya ci gaba. Yanzu sun koma garin Pleasant Garden, nakan je bayan an tashi coci.

Bara 'yata, wadda ke karatun lissafi a jami'a, ta gaya mini wasu ƙasashe sun daina tura mutane gida-gida. Rajistar haihuwa da ta mutuwa da ta makarantu da asibitoci suke haɗawa, su fitar da yawan jama'a daga ofis. Ta ce ya fi sauri. Ban musa ba, amma raina bai so ba.

Na tafi da ita wurin Hajiya ta yi mata bayani da bakinta. Ta yi ta fama da Hausarta mai tsalle-tsalle, Hajiya na saurare.

"To wanda ba ya cikin takardar kowa fa, jikata?"

"Shi ne problem ɗin, Hajiya. Malamanmu ma suna faɗa a kai."

"Gardama ake cewa, ba faɗa ba. Zauna ki ci tuwo, sai ki sake mini daga farko."

Ta kuwa zauna. Sai da aka kira la'asar a wayar Hajiya muka tashi.