Jirgin da Bai Jira Ya Cika Ba

Shekarar da shanu suka yi daraja, maigidana ya shigo gida bayan la'asar, ya zauna bakin tabarma yana murmushi shi kaɗai. Muna zaune a Tudun Wada ta Sakkwato a lokacin, da yaranmu biyar da mahaifiyata, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Fataucin shanu yake yi, yana loda su a mota daga kara, wato kasuwar shanu, zuwa kudu. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, soja ke mulki, ma'aikata sun samu ƙarin albashi, kowa yana son nama a miyarsa.

Ya ce, "Ki hwaɗa ma Inna ta shirya. Bana za mu Makka, mu ukku."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin ƙwarya. Ni ba mai guɗa ba ce, amma ranar na yi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Inna ta ji, ta yi hamdala. Can ta ce da ni, don ba ta magana da surukinta kai tsaye, "Tambaye shi, ta ruwa za mu ko ta sama?"

Na san abin da take nufi. Tana amarya ita da mahaifina suka kama hanyar gabas a ƙasa, suna tafe suna aikin gonar auduga a Sudan, har suka kai bakin Bahar Maliya. A can ciwo ya kama shi. Suna ji suna gani jirgin ruwa ya ɗauki abokan tafiyarsu, su kuwa suka juyo gida. Tun ina ƙarama take cewa, "Na ga ruwan, ban hau ba." Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba.

Maigida ya ce ai yanzu jirgin sama ke sauke mutum har Jidda, wa ke neman wahala? Amma da ya ga fuskar Inna, washegari ya tafi Sabon Gari wajen wani wakili mai shirya wa mutane tafiya ta Sudan.

Ya dawo da bayani. Wakilin ya ce hanya biyu ce. Ko a saya duka a hannunsa, jirgin sama daga Kano zuwa Hartum, jirgin ƙasa zuwa bakin teku, da jirgin ruwa, mutuminsa ya tarbe mu a kowane zango, in an makara kuma nauyinsa ne. Ko kuma a sayi na ruwa kaɗai a wurinsa, mutum ya nemi na sama da kansa.

Na ce, "Malam, ba gara mu bi ayari ba?"

Ya yi dariya. "Ni da nit tashi cikin kara za a koya ma dillanci? Wanga mutum dillali na, la'adarshi yaka nema. Na ruwa na saya gare shi. Na sama ni ka zuwa Kano in ciro da hannuna. Kuma ayarinshi za shi tashi da wuri ƙwarai, a je a zauna Sudan ana kallon juna. Ina da shanun da ban loda ba, ke kuma kina da dangin da ba ki yi ma bankwana ba."

Gaskiya ya faɗa game da dangi. A wurinmu ba a tafiya hajji sai an bi gida gida an nemi gafara, tun daga gwaggo har matar da kuka taɓa saɓani a bakin rijiya. Na ƙirga gidajen da zan shiga, na ga mako biyu ma da ƙyar. Sai na bar maganar.

Gidanmu ya koma kamar gidan biki. Ana dakan gero, ana soya nama ana shanyawa, ana ƙulla daddawa da kuka da yaji. Tela ya zo ya auna mu. Inna, wadda gwiwa ke damunta, sai ga ta tana zagaya tsakar gida safe da yamma, wai tana koya wa ƙafafunta ɗawafi. Yaran suna bin ta a baya suna dariya, tana korarsu da carbi.

Maigida ya je Kano ya dawo da tikiti uku, kowanne kamar ɗan littafi mai jan rubutu a ciki. Ya ba ni su tare da takardar jirgin ruwa, ya ce, "Malamar yaƙi da jahilci, ga ajiya. Ke ka son takarda."

Haka yake tsokanata. Shekara biyu na yi ina zuwa ajin manya a gidan mai unguwa, bayan na yaye autana. Na iya karanta Hausa a hankali, ina bi da yatsa. Turanci kam ban iya ba. Amma lamba lamba ce a kowane harshe, malamarmu kuma ta koya mana duba kalanda.

Da hantsi, bayan na gama shara, na shimfiɗa takardun a kan faifai don kawai in ji daɗin kallonsu. Na ga 11 a kan tikitin sama. Na ga 12 a kan takardar ruwa, da harafin wata iri ɗaya. Na sauko da kalandar bango na duba. Laraba da Alhamis. Na ji daɗi, na ce wa Inna, "Kin gani, Laraba mu sauka Hartum, Alhamis muna kan ruwa."

Inna ta daina tsinkar zogalen da take yi.

"Hartum? Ɗiyata, Hartum ba ta da teku. Kogi gare ta."

"To ina tekun?"

"Mun hau jirgin ƙasa da sahe, munka wuni, munka kwana, munka sake wuni. In bai lalace ba ke nan."

Na sake duba lambobin, ko za su canja. Ba su canja ba. In mun sauka Laraba, jirgin ruwa zai tashi muna tsakiyar hamada. Inna za ta sake tsayawa a bakin ruwan nan, karo na biyu, kuma a shekarunta babu na uku.

Ban tare shi da maganar a ƙofa ba. Na bari ya ci abinci, ya sha ruwa. Sannan na kawo takardun na ce, "Malam, karatuna ya cije. Taimaka mani da wanga lissahi." Na nuna masa sha ɗaya, na nuna masa sha biyu, na gaya masa abin da Inna ta ce.

Ko a jikinsa. "Na sani akwai tahiya tsakani. Sai mi? Mun biya kuɗin wurinmu. Kin taɓa ganin mota ta tashi da wurin mutum ukku waɗanda sunka biya? Direbana kwana biyu yaka yi a kara yana jiran bijimi guda. Jirgi ba shi tashi sai ya cika."

Ashe abin da ke ransa ke nan tun farko. Shekara ashirin yana loda shanu, bai taɓa ganin abin hawa ya bi agogo ba. Ranar da aka rubuta a takarda, a ganinsa, ranar fara lodi ce.

Daga bayan labule Inna ta yi magana, ba da ni ba, ba kuma da shi ba, kamar da bango take. "Wanda nig gani dai ya tashi. Akwai wurin mutum biyu a ciki."

Maigida ya sunkuyar da kai. Ya sa hularsa, ya ce in ɗauko mayafi in bi shi. Ranar na fara shiga ofis a rayuwata.

Wakilin yana zaune ƙarƙashin fanka, da taswira a bango. Ya dubi tikitinmu, ya dubi maigida, ya riƙe baki.

"Malam, kai da wa kuka yi shawarar wannan?"

"Ni da kaina."

"Ai ya nuna. Jirgin ruwa ko gwamna ba ya jira. Wa ya gano?"

Maigida ya nuna ni da haɓa. Wakilin ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara ilimi." Karon farko ke nan da aka kira ni Hajiya, tun ban je ba, sai da na ja mayafi na rufe fuska.

Ya ce wuraren ayarinsa a jirgin sama sun cika, ba shi da yadda zai yi. Amma akwai jirgin da ke tashi mako guda kafin namu. In maigida ya koma Kano gobe, wataƙila a canja mana. In an dace, mu same su a tashar jirgin ƙasa ta Hartum, mu bi su.

Da asuba ya hau mota. Kwana biyu ina jiran sallamarsa, kowace mota ta tsaya a bakin titi sai na miƙe. Rana ta uku ya shigo, rigarsa duk ta yamutse, ya miƙo mani tikitin tun kafin ya zauna. "Karanta." An soke 11, an rubuta 4, an buga hatimi.

Kwana huɗu suka rage mana, ga bankwanar mako biyu! Shanun da bai loda ba ya bar wa ƙanensa. Ya ɗauko mana tasi ta wuni, ni da Inna muka bi gari, daga Tudun Wada zuwa cikin gari zuwa Mabera, wadda a lokacin gidajenta tsilli tsilli ne. Mu shiga, mu gaisa, mu ce a yafe mana, a kawo fura mu kurɓa mu miƙe. Wata gwaggona ta ce, "Wagga bankwana ko gudun hijira?" Ta yafe dai, ta ba mu saƙon addu'a har guda bakwai.

Na jirgin sama ba zan ce komai ba, don idona a rufe yake tun daga Kano. Mun sami ayarin a Hartum. Jirgin ƙasa ya yi yadda Inna ta faɗa, har da ƙari, don ya tsaya rabin wuni a wani wuri da babu ko bishiya. Mun isa bakin teku da sauran kwana biyu.

Ranar Alhamis da hantsi muka hau. Matakalar tana lilo, maigida a gaba, ni a baya, Inna a tsakiya, ta ƙi a riƙe ta. Jirgin ya fi duk wani gini da na sani a Sakkwato girma. Ya yi kuka sau ɗaya, na ji shi har cikin haƙorana, aka janye matakala.

Maigida ya dubi agogonsa. Ya dubi benci biyu da ke gefenmu babu kowa a kai. A ƙasa ga wasu mutane sun iso da kaya a ka, suna ɗaga hannu, ruwa yana ta faɗaɗa tsakaninmu da su.

Ya ce a hankali, "Wallahi bai cika ba."

Na ce, "Bai cika ba, Malam."

Ya ciro takardun sauran tafiyar daga aljihu, duka, har da fasfo, ya sa mani a hannu.

Inna tana riƙe da ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu, iska tana kaɗa mayafinta. Ba ta dubi gaba ba tukuna. Gaɓar take kallo, wani wuri kusa da rumfunan kaya, har ya ƙanƙance. Sannan ta ambaci sunan mahaifina, wanda ban taɓa jin ta faɗa ba, ta ce, "To, na hau."

Ta juyo tana dariya da hawaye, ta ce in kwance ƙullin naman nan, yunwa take ji.