Cinikina da Birin Jaipur

Mun tashi da asuba daga unguwar Al-Naseem ta Riyad za mu Indiya, mu huɗu: ni, da ɗana mai aiki a ofishin jakadanci, da matarsa, da jikata da ke rubuta wannan, don ni ban yi boko ba, amma idona ya yi. Na biyar direban da ke kai yara makaranta ne, Ba'indiye. Addinin Hindu yake yi, amma akwai ladabi. Shi iyakarsa filin jirgi. Ya daɗe bai ga gida ba, fasfonsa na hannun kafil, wato wanda ya tsaya masa ya shigo Saudiyya aiki.

Da muka sauka daga mota sai ya wuce ɗana, ya miƙo mini kaset a leda. "Mama, amana. Ummi." Ashe uwarsa irina ce, ba ta karanta wasiƙa, shi ne ya ɗaukar mata muryarsa, ƙauyensu kuwa yana kan hanyarmu. Ban tambayi dalilin da ya ƙi ba ɗana ba. Mutumin da ya taɓa manta iƙamarsa, katin zaman ƙasa, a kantin burodi? Na ƙulle kaset a bakin mayafi.

A Delhi muka ɗauki shatar mota. Mutanen nan ba sa tuƙi da burki, da ham suke yi. Shanu kwance a tsakiyar titi, ba makiyayi, ba igiya, manyan motoci na kewaye su kamar surukai. Surukata ta yi ta leƙen taga tana jiran masu rawa irin na fim. Har muka dawo ba ta ga ko ɗaya ba, sai mata ɗauke da itace a ka, kamar na garinmu.

Shayinsu na bakin hanya da daɗi, ga arha, amma a ɗan kofin yumɓu suke zubawa, in ka shanye ka fasa. Na ce wannan almubazzaranci ba da ni ba. Na tattara namu na zuba a jaka. Nama kuwa mun yi bankwana da shi, kullum wake da gurasa.

A Agra muka ga kabarin nan fari da wani sarki ya gina wa matarsa. Gini kam ya ginu. Na dai ce da ya gina mata tana da rai da ta gode. Daga can ƙasa ta soma bushewa, ga raƙuma na jan amalanke, ga ɗawisu a gonaki kamar zabi. A masauki wani saurayi ya sunkuya ya kai hannu ƙafata, na janye na ce ɓarawon takalmi! Ɗana ya ce, "Hajiya, gaisuwa ce, haka suke yi wa manya." Na ce to, ya gaida ni daga nesa.

Duk inda muka tsaya sai na kwance mayafi na duba amana. Abin da ya ja mini ke nan. A tsohuwar fadar Jaipur ta kan dutse, ina kwancewa sai na ji wuf! Biri. Ya haye katanga da kaset, ya zauna yana juya shi kamar shi aka aiko wa.

Na ɗauki dutse. Wani mai ayaba ya tare ni, direbanmu na can ya fassara: a nan ba a jifan biri, fansa ake yi. Na jefa masa ayaba. Ya cafe da hannu ɗaya, kaset na ɗayan. Ɗana ya ce, "Hajiya, a bar shi, ma ba mai kaset haƙuri." Na ce, "Haƙurin za ka saka wa uwarsa a rediyo?"

Ni da na saba ciniki a kasuwar Batha ta Riyad, biri ne zai kayar da ni? Na ciro dabinon Madina da na hana kowa taɓawa, na zauna a gabansa na ci ɗaya a hankali, ko kallonsa ban yi ba. Ya matso. Na cika tafin hannuna yadda sai da hannu biyu zai iya kwasa. Ya dubi dabino, ya dubi kaset. Ya saki kaset, ya sallama!

Amma ya riga ya zaro zaren, ya tauna wani wuri. Na miƙar da shi a cinyata, aka naɗe da biro.

Da muka isa ƙauyensu mai kaset, tsohuwar tasa muka same ta a tsakar gida, 'yar ƙarama, ido ya yi rauni. Aka aro rediyon maƙwabta, rabin ƙauye ya taru. Muryar yaron ta fito garau, tana ta gyaɗa kai. Da aka iso wurin da biri ya tauna, sai murya ta karye tana rawa. Tsohuwa ta dafe ƙirji. Aka ce mana cewa take yi tun yana yaro bai taɓa yi mata kuka ba, ashe yana kewarta haka. Ɗana ya buɗe baki zai yi bayani. Na taka masa ƙafa.

Ta yi nata jawabin a bayan kaset ɗin, ta damƙa mini a hannu. Ita ma ɗana ba ta ba shi ba.

Mun dawo Riyad lafiya, kofuna duk sun farfashe a jaka. Abin da na koyo shi ne, yawan duba kaya ma yana nuna wa ɓarawo inda suke, kuma uwa ko'ina uwa ce.

Washegari da safe na riga yara fita ƙofa. Na ba direba kaset, ya sunkuya zai taɓa ƙafata. Na ce, "Tashi, Allah ake sunkuya wa." Na dafa kansa, na sa jikata ta gaya masa da Larabci: uwarka za ta ce ka yi kuka. Kada ka kuskura ka musa.