Ƙwan da Kawu Yake Hudawa

Jarina gaba ɗaya kaji ne, kuma bana annoba ta share na maƙwabtana a Ƙofar Marke. Nawa sun tsira da rigakafi. Da likitan dabbobi ya ce a cikin ƙwai ake renon maganin, sai kunya ta kama ni.

Marigayi kawuna ma'aikacin ɗakin bincike ne. Yakan haska ƙwai da tocila, ya huda, ya sa masa ƙwayar cuta da allura, hannunsa na warin sifirit, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai ɓarna ce."

Ya ce, "So nike in gane ƙwayar cutar ga, mi ka tashe ta daga barci, ɗana."

Kaji na samu, wanda zan gode wa na rasa. Allah ya haskaka kabarinsa.