Tumbin Maigidana

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka dawo da mijina gida Bagudo, ya kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mun sauka da yara, da katifu, da babur, da abu guda da nake taƙama da shi fiye da duka, wato tumbinsa. Ni na gina shi da hannuna. Lokacin da aka kai ni ɗakinsa siriri ne kamar karan dawa, amma zaman Sakkwato ya koya mini girkin birni, shi kuma bai taɓa ture kwano ba. In ya zura babbar riga sai ta zauna daram, mutane su ce wannan ya yi dacen mata. Haka ake auna mace a lokacin. Ba mai leƙa tukunyarki, mijinki kawai za a duba.

Bagudo kuwa ta ƙara mini ƙaimi, domin iyakar Benin na kusa. Duk ranar kasuwar Lolo kaya na kwararowa daga tsallake: shinkafa 'yar waje fara sol wadda ba sai an tsince tsakuwa ba, da taliya, da madarar gwangwani, da dunƙule, da man girki jarka-jarka. Shinkafar gida ta Kaoje ko kallonta na daina yi. Turmina na kife shi a tsakar gida ya zama kujera. Kafin a jima unguwa ta san ni, in ana suna ko biki ni ake aikowa in je in tsaya a kan tukunyar dafa-duka, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Abin ya fara ne bayan wata tafiya da ya yi Birnin Kebbi. Ya dawo ya ce kada in ƙara sa masa sukari a shayi. Na ɗauka wasa ne. Sai ya shiga barin rabin shinkafa a kwano, yana tsame nama yana ture mai gefe.

Na ce, "Malam, gishiri ya yi yawa?"

Ya ce, "A'a, na ƙoshi."

Mutumin da a da sai ya suɗe kwano ya tambayi ƙanzo! A wurinmu in namiji ya janye hannu daga kwanon matarsa, abu biyu ne. Ko ya ci a wani wuri, ko yana zargin an barbaɗa masa wani abu. Har ɗiban loma na riƙa yi ina ci a gabansa don ya gani. Ya gani ɗin, amma bai ƙara ko cokali ba.

Sai ga tafiyar ƙasa. Daga sallar asuba ba ya dawowa gida. Sai hantsi ya ɗaga zai shigo sharkaf da gumi, ƙafar wando duk raɓa da ƙarangiya, ya yi wanka ya wuce ofis ba tare da ya karya ba. Babur kuwa yana jingine a zaure. Da na tambaye shi inda yake zuwa sai ya ce wai miƙe ƙafa. Miƙe ƙafa! A Bagudo ba wanda ke tafiya haka kawai. Manomi gona za shi, masunci kogi za shi. Mai babur da ya zaɓi takawa a ƙasa, ko dai ba shi da mai, ko kuma ba ya so a ji ƙarar injinsa. Tankinsa kuwa cike yake, na jijjiga na ji. Kuma hanyar da yake bi ita ce mai fita gari ta nufi wajen iyaka.

Da farko unguwa ta ce fasa-ƙwauri ya shiga. Wannan bai dame ni ba sosai, don ba shi ne na farko ba. Amma sai tumbin ya fara zaizayewa. Wuyansa ya fito, agogo yana yawo a hannunsa. Lokacin ne kuma rediyo ta matsa da zancen wani sabon ciwo mai ramar da mutum, wanda ba shi da magani. Wata rana maƙwabciyata, mace mai kawo labari tun da zafinsa, ta shigo aron rariya, ta tsaya a kaina.

"Ke, mi as samu maigidanki? Na gane shi jiya, riga na ta yawo jikinai." Ta rage murya. "Kin dai san masu zuwa tsallake, ba shinkahwa ɗai su ka kawowa ba."

Na ba ta rariya na ce Allah ya kyauta. Tana fita na zauna a kan turmin nan. Goyo gare ni a lokacin, yarinyar ko zama ba ta fara ba. Na dube ta tana shan nono, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In abin da ake faɗa ne, ba shi kaɗai zai tafi ba.

Daga ranar na zama 'yar sanda a gidana. Ina shinshina rigunansa, ina laluben aljihu. Na tsinci wasu fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, na ɗauki ɗaya na kai wa mai kemis na bakin kasuwa, wani Kirista ɗan kudu da ya daɗe a garin har yana jin Hausa da 'yar Dandanci, yaren mutanen bakin iyaka. Ya juya ƙwayar a tafinsa, ya dube ni, ya mayar mini.

"Hajiya, wannan kuma tambayi oga. Ni ba na faɗin ciwon mutum."

Ashe dai akwai ciwon. Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba. A makewayi na tarar da kiyashi sun yi dandazo a magudana kamar yadda suka saba a kwanakin, na hau yara da faɗa wai su ke zubar da lemo a wurin.

Wanda zai iya matsa masa ya yi magana mutum ɗaya ne, mahaifiyarsa. Inna tana zaune a wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye a kan hanyar iyakar nan da yake bi, ta ƙi dawowa cikin gari. Ba ma ɗasawa sosai da ita. Dunƙule ta ce sabulu ne, garin inji ta ce warin ƙarfe yake yi, in ta zo gidanmu da furarta take zuwa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wurinta yake zuwa ba, domin tafiyar ba kusa ba ce, kuma shi ɗan fari ne, kunyarsa take ji, ko sunansa ba ta faɗa. Wata safiya bayan ya fita na goya yarinya, na hau kabu-kabu, da niyyar in kai ƙara in dawo kafin ya shigo.

Takalmansa na fara gani a ƙofar gida.

Yana zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ga akushi a gabansa: ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ta sha daddawa da busasshen kifi, ko ɗigon mai babu. A gefe ga kwaɗon zogale da ƙwaryar nono. Ci yake yi kamar an biya shi, har da lasar yatsa. Wallahi da wata macen na tarar da shi, ba na jin zai yi mini ciwo kamar wannan lasar yatsar.

Inna ta ɗago daga bakin murhu, ba ta ko yi mamaki ba. "Lale. Kin iske shi ke nan. Zamna."

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na juya gare shi. "Malam, nan ne miƙe ƙafar?"

Ya sunkuyar da kai. Inna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wanga shi hwaɗa maki, ko ni in hwaɗa."

Ya wanke hannu a hankali. "Likita ya auna ni can Birni. Ciwon suga na. Yac ce in rage shinkahwa da zaƙi da maiƙo, in riƙa tahiya ƙasa."

Na ji bakina ya ce alhamdulillahi kafin in tare shi. Mutum yana faɗa mini ciwo ina godiya! Na tuna kiyashin makewayi da faɗan da yara suka sha a banza. Da tsoron ya sauka kuma, sai haushi ya hau.

"To mi ya hana ka hwaɗa mini? Ni ba mutum ce ba?"

"In ce maki mi? In ce abincinki ad da laihi? Na ga yadda kike kallona in ina ci." Ya ƙara da cewa, "Kuma sabuwar jiha ta, muƙamai a ka rabo. Duk wanda anka ji yana da ciwo, sai a yi mai sannu a tsallake shi."

Inna kuwa ta samu abin da take jira. Ta ce su da can ba su san wani suga ba. Gero ne da dawa, a daka a turmi, a sha fura, a ci ganye, a taka ƙasa. Ubansa da kaya a ka yake zuwa Lolo ya dawo, har ya koma ga Allah bai san allura ba. Na saurara kaina a ƙasa. Amma na san yadda surukin nawa ya rasu, an ba ni labari. Ko furfura bai gama yi ba, wani gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, aka ce sammu ya taka. Har yau in na ji ana cewa mutanen da ba sa ciwo, ƙafar nan nake tunawa. Ban faɗa ba, ba a faɗa wa suruka irin wannan. Da ta ce ya watsar da ƙwayoyin kemis dai na buɗe baki na ce, "Inna, a yi haƙuri, shi haɗa duka biyu."

A ƙasa muka dawo, shi a gaba ni a baya da goyo, ina haki yana jirana. A hanya na faɗa masa abin da unguwa ke cewa. Ya tsaya cak, fuskarsa ta sauya. Wannan zancen in ya kai ofis ya fi na suga muni, kuma gaskiyar ma ba ya so a ji. Mutane kuwa ba za su ga namiji yana ramewa su zauna ba dalili ba, dole a ba su wani. Ina tafe ina lalube, kuma dalili ɗaya kawai na samu wanda za su karɓa da gudu.

Washegari na tayar da turmi na wanke shi. Ƙarar dakan ta kai har bakin titi, matar ma'aikaci guda tana surfe. Ba a jima ba maƙwabciyata ta shigo mayar da rariya, ta tarar ina tuƙa tuwon dawa. Ta leƙa tukunyar miya, ta ga kuka tsagwaronta, ba mai ba dunƙule.

"Wanga kike ba shi?"

Na ce, "Shi na. Na gaji da wahalar girki."

Ta riƙe haɓa. "Shi ya sa! Mu muna ta zargin bawan Allah."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, zancen ciwon zamani ya mutu murus. Aka koma cewa matarsa ce ke horar da shi da yunwa, ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Shi kuwa ya daina zuwa tunga cin ɗumame, ya dawo kwanona, har ya fara tambayar ƙanzo. Na kai rigunansa wurin tela aka rage su. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma ba ranar da bakina bai yi ƙaiƙayin faɗin gaskiya ba.

Da aka yi suna a unguwar bayan nan, ba wanda ya aiko in je kan tukunya. Na je a matsayin baƙuwa, na zauna cikin mata, aka kawo dafa-dukar wata, ta caɓe, gishiri ya yi mata yawa. Da zan tafi uwar jego ta sa aka cika mini kwano har da tozo, ta miƙo mini a gaban kowa.

"Ungo, kai ma maigidanki. Shi samu shi ci abin kirki yau."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode, Allah ya raya.