Ranar da Baba Madubi Ya Goya Hannu

Kafin kowa ya iso, Baba Madubi ya riga ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ja baƙin labule, yana bin ƙananan madubai da ke kafe a kan tebur da ɗan ƙyallensa. Ko tari ba ya yarda a yi kusa da teburin nan. Ka kuskura ka buga ƙofa, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Aikin ɗakin gwajinmu shi ne aika saƙon sirri da haske, ƙwaya ɗaya-ɗaya, ta cikin zaren gilashi siriri kamar gashi. Duk wanda ya leƙa ƙwayar a hanya sai ta sauya, na can ƙarshen su gane an taɓa. To amma madubi ya karkace ko da ƙiris, sai saƙon ya dagule kamar ɓarawo ya shiga. Shekara da shekaru Baba ne ke saita su.

Ranar da masu duba aiki za su zo su yanke ko a rufe ɗakin ko a bar mu, muka wayi gari allon kwamfuta cike da kuskure. Shugabarmu sai safa da marwa take, kowa ya zuba wa Baba ido. Ya miƙa hannu zuwa ɗan notin da ake murɗawa a saita madubi, sai muka ga yatsunsa na rawa. Ya janye, ya sake miƙawa, suka ƙi tsayawa.

Da ya so, da ya murɗa a haka, in ta ɓaci a ɗora wa na'ura laifi. Ya kuma san in ya furta, aikinsa ya zo ƙarshe.

"Hannuna ya ƙi," ya ce a hankali. "Zo, 'yata, ara mini naki."

Ni ɗalibar da ko goge madubi bai taɓa bari na yi ba! Ya goya hannayensa a baya, ya tsaya a bayana yana cewa in murɗa kaɗan, in tsaya, na zarce, in koma. Muna jin takun baƙin a matakala, gumi na shiga mini ido ba halin sharewa. Kuskuren ya yi ta raguwa har saƙon ya wuce lafiya. Da suka leƙo, su ma sai da ya sa suka tuɓe takalmi.

Ba a rufe ɗakin ba. Shi kuwa a cikin makon ya ajiye aiki, wallahi raina babu daɗi.

Baba, kai ne gwanin da ya ce "ba zan iya ba" a gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa don kada aiki ya mutu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku masu sana'a a hannu, ranar da hannun ya gaza, ku faɗa da bakinku kamar yadda ya yi.

Baba, ƙyallenka yana wurina yanzu. Jiya shugaba ta buga ƙofa, na ji kaina ina mata faɗa da muryarka.